GANI YA KORI JI: MATSAYIN IDO DA HANKALI A JINYAR GWIWA BAYAN TIYATA

Gabatarwa

Mai karatu zai yi mamakin ganin maganar gwiwa da tiyata a cikin mujallar da aka saba cika ta da nazarin waƙa da nahawu da al'adun gargajiya. To, karin magana ne ya jawo ni. Hausawa sun ce gani ya kori ji, suna nufin abin da mutum ya gani da idonsa ya fi wanda aka ba shi labari. Amma kalmar "ji" a Hausa ba ta tsaya ga kunne kaɗai ba. Ana jin zafi, ana jin sanyi, ana jin ƙaya a tafin ƙafa, ana kuma jin nauyin kaya a ka. Idan aka ɗauki kalmar da wannan ma'ana ta biyu, sai karin maganan ya zama bayanin wata larura da masana kimiyyar jiki suka gano, watau abin da ke samun mutumin da jijiyar gwiwarsa ta tsinke aka yi masa aiki. A wurinsa lalle gani yakan kori ji, kuma korar ba ta alheri ba ce.

Abin da ya sa na kula da wannan al'amari shi ne wani abokina da muka zauna ɗaki ɗaya, gwanin ƙwallon ƙafa ne ƙwarai. Wata rana da la'asar ya juya da gudu a fili, babu wanda ya taɓa shi, sai ya faɗi yana riƙe da gwiwa. Danginsa suka yi karo-karo aka yi masa tiyata, ya yi wata da watanni yana zuwa gashi, har cinyarsa ta cika ta koma kamar da. Ya koma wasa. A karawa ta biyu ya yi tsalle yana kallon ƙwallo a sama, da ya dira sai gwiwar ta sake gocewa. Da na je duba shi ya ce mini, "Ƙafar ta yi ƙarfi, amma in ban dube ta ba sai in ji kamar ba tawa ba ce." Wannan magana tasa ita ce tushen wannan rubutu. Ra'ayina kuwa shi ne, duk jinyar gwiwa da ta tsaya ga ƙarfafa tsoka, ta bar ido da hankali, to, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Jijiyar Giciye da Aikinta

A tsakiyar gwiwa, inda ƙashin cinya ya hau kan ƙashin ƙwauri, akwai jijiyoyi biyu masu ƙarfi da suka gitta wa juna, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Ta gaban ita ce abin maganarmu, kuma zan riƙa kiranta jijiyar giciye ta gaba. Aikinta shi ne hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, da kuma tare gwiwa idan ta so murɗewa fiye da kima. Idan ta tsinke gaba ɗaya ba kasafai take haɗewa da kanta ta koma yadda take ba, kuma wannan ba irin karaya ba ce da za a ce a kai wa maɗori ya ɗaura karare. Mai son komawa wasan da ke da juyi da tsalle, galibi sai an yi masa aiki.

Aikin ba sabon abu ba ne. Tun a shekarar 1917 wani likita a Ingila mai suna Hey Groves ya bayyana yadda ya ɗebo wani tantani daga gefen cinya ya maye gurbin jijiyar da shi. A 1963 kuma Kenneth Jones a Amurka ya nuna yadda za a yanko tsakiyar jijiyar da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa a yi dashe da ita. Har yanzu a kan wannan hanya ake tafiya: a ɗebo jijiya daga gaban gwiwa ko daga bayan cinya, a huda ƙasusuwan biyu, a zura ta, a ɗaure. Likitoci sun ƙware a wannan aiki matuƙa.

To, amma sakamakon fa? A 2014 Clare Ardern da abokan aikinta sun tattara rahotanni masu yawa, suka ga cewa cikin kowane mutum 100 da aka yi wa aikin, 81 sun koma wani irin wasa, 65 sun koma matsayinsu na kafin rauni, 55 ne kawai suka koma fagen gasa. A 2016 kuma Amelia Wiggins da abokan aikinta sun nuna cewa cikin 'yan wasan da ba su kai shekara 25 ba, waɗanda suka koma fili, kashi 23 cikin 100 sun sake tsinka jijiyar, ko a ƙafar da aka yi wa aiki ko kuma a ɗaya ƙafar. Kusan ɗaya cikin huɗu ke nan. Ya kamata mai karatu ya tsaya a kan wannan magana ta "ɗaya ƙafar". Idan matsalar ta tsaya ga dashen da aka yi, me ya kai ta ƙafar da wuƙar likita ba ta taɓa ba? Lalle akwai abin da ya canja a wani wuri da ya fi gwiwa nisa.

Jijiya Mai Kai Labari

A da an ɗauki wannan jijiya tamkar igiya kawai, wadda in ta tsinke sai a sake wata. A 1984 Robert Schultz da abokan aikinsa suka nuna cewa a cikin jijiyoyin giciye na ɗan Adam akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu jin motsi da miƙewa, waɗanda ke aika saƙo zuwa laka da ƙwaƙwalwa. Ashe igiyar 'yar aike ce. Irin waɗannan ƙwayoyi, na cikin jijiya da na cikin tsoka da na fata, su ne ke sa mutum ya san inda gaɓoɓinsa suke ba tare da ya duba ba. Da su ne mutum ke kai loma baki a cikin duhu bai ɓata hanya ba. Da su ne mai tallar nono ke tafe da ƙwarya a ka, tana hira, tana tsallake kwata, ba ta ko kallon ƙasa.

Idan jijiyar ta tsinke, wannan ɗan aike ya yi shiru. Dashen da likita ya sa zai riƙe ƙashi, amma ba ya mayar da labarin yadda yake a da. Bugu da ƙari, kumburi da ciwo kan sa laka ta rage umarnin da take bai wa tsokar gaban cinya, shi ya sa cinyar mai jinya ke ramewa da sauri ko da yana ƙoƙarin motsa ta. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta zama haka nan. Idan ta rasa labari ta wata ƙofa, sai ta neme shi ta wata, kuma ƙofar da ta fi kusa ita ce ido.

An ga alamar haka da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tana cikin aiki. A 2009 Eleni Kapreli da abokan aikinta a ƙasar Girka sun nuna cewa masu tsinkakkiyar jijiya suna amfani da sassan ƙwaƙwalwa daban da na masu lafiya yayin da suke motsa gwiwa. A 2017 Dustin Grooms da abokan aikinsa a jihar Ohayo ta Amurka sun gwada mutum 15 da aka yi wa aikin da mutum 15 masu lafiya. Suka tarar cewa waɗanda aka yi wa aikin, in za su lanƙwasa gwiwa su miƙe, sashen ƙwaƙwalwa mai ba da umarnin motsi yana aiki fiye da kima, haka kuma wani sashe na bayan kai da ke da alaƙa da gani. Watau motsin da a da jiki ke yi da kansa, yanzu sai an sa masa hankali, sai an sa masa ido. Ga ma'anar maganar abokina, ga kuma inda gani ya kori ji.

Ɗakin Gashi da Filin Wasa

Yanzu sai mu duba yadda aka saba yin jinya. Ɗakin gashi wuri ne mai natsuwa, daɓensa a shafe, haske ya wadata, sau da yawa har da madubi a bango. Mai gashi yana tsaye yana cewa, "Dubi gwiwarka, kada ta faɗa ciki, daidaita ta da babban yatsa." Mai jinya ya zuba wa gwiwa ido, ya tattara hankalinsa duka a kanta, ya yi motsin daidai, a yaba masa. Da fari wannan yana da amfani, domin sai an ga kuskure ake gyara shi. Amma idan aka zarce da haka har ƙarshen jinya, to, ana ƙara wa ƙwaƙwalwa dogaro ne da ido, abin da ya kamata a yaye ta daga gare shi.

A fili kuwa ido ba shi da sukunin kallon gwiwa. Yana kan ƙwallo, yana kan abokin karawa, yana neman wanda za a miƙa wa. Hankali ma yana can yana lissafin ko a tare ko a ja da baya. Taura biyu ba ta taunuwa, in ji Hausawa. Gwiwar da ta saba sai da rakiyar ido, ranar da ido ya tafi wani aiki an bar ta ita kaɗai.

Hotunan bidiyo na raunukan da suka faru sun ƙarfafa wannan zance. A 2020 Francesco Della Villa da abokan aikinsa sun yi nazarin raunuka 134 na ƙwararrun 'yan ƙwallon ƙafa maza a Italiya. Kashi 12 cikin 100 ne kawai suka faru ta hanyar dukan gwiwa kai tsaye. Kashi 44 babu wanda ya taɓa ɗan wasan, sauran 44 kuma an taɓa shi ne a wani sashe na jiki, kamar kafaɗa ko ƙirji, ya rasa daidaito. Yanayin da ya fi yawa shi ne lokacin da ɗan wasa ke matsa wa mai ƙwallo don ya ƙwace, watau lokacin da hankalinsa ke kan motsin wani. Daɗin daɗawa, a 2010 Hideyuki Koga da abokan aikinsa a birnin Oslo sun auna bidiyon raunuka 10 na mata 'yan ƙwallon hannu da ƙwallon kwando, suka kimanta cewa jijiyar na tsinkewa ne cikin kashi 40 cikin 1000 na sakan bayan ƙafa ta taɓa ƙasa. Mutum kuwa yana bukatar wajen kashi 200 cikin 1000 na sakan kafin ya ga abu ya mayar da martani da gangan. Ashe kafin ido ya gani hankali ya yanke shawara, aikin gama ya gama. Abin da ke tsare gwiwa shi ne shirin da ƙwaƙwalwa ta yi tun ƙafa tana sama, da hasashen inda za a dira da yadda za a dira. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai ma alamar cewa saurin hankali yana da hannu tun kafin raunin farko. A 2007 Charles Swanik da abokan aikinsa sun koma ga sakamakon gwajin ƙwaƙwalwa da aka yi wa ɗalibai 'yan wasa a Amurka tun suna lafiya. Suka kwatanta 80 da daga baya suka tsinka jijiyar ba tare da an taɓa su ba, da wasu 80 da ba su ji rauni ba. Rukunin farko sun kasa na biyu wajen saurin martani da saurin sarrafa labari da kuma tuna abin da aka gani ko aka ji.

Abin da Ya Kamata a Ƙara

Idan haka ne, maganin a fili yake: a koya wa gwiwa aiki alhali ido da hankali suna wani wuri. A 2015 Grooms da abokan aikinsa biyu sun tsara wannan shawara a rubuce, kuma ana iya kasa ta gida uku.

Na farko, a rage wa ido iko. Mai jinya ya tsaya da ƙafa ɗaya ido a rufe, sannan a kan matashi ko katifa mai laushi. A kawar da madubi da zarar ya iya motsin. A ƙasashen da ke da hali ana amfani da wani tabarau mai ƙyaftawa, wanda gilashinsa ke duhu yana washewa da sauri, don mutum ya riƙa ganin duniya a gutsure, ƙwaƙwalwa ta tilasta ta koma sauraron gaɓoɓi.

Na biyu, a ba hankali wani aiki. Yana tsaye da ƙafa ɗaya a riƙa jefa masa ƙwallo yana cafewa. Yana tsugunawa yana miƙewa, yana ƙidaya daga 100 zuwa ƙasa yana cire bakwai bakwai. Mai gashi ya ɗaga jan kati ko kore yayin da mai jinya ke cikin gudu, ja ya nufi dama, kore ya nufi hagu, daga baya a juya ƙa'idar. Da haka juyin zai zama na ba-zata, kamar yadda yake a fili.

Na uku, a sake irin maganar da ake yi wa mai jinya, kuma a nan ne ɗalibin harshe zai ga abin sha'awa. Tun daga 1998 Gabriele Wulf da abokan aikinta suka yi ta nuna cewa mai koyon motsi ya fi ƙwarewa idan aka karkata hankalinsa ga sakamakon motsin a waje, a kan idan aka karkata shi ga gaɓar da ke motsin. Maimakon a ce "lanƙwasa gwiwarka idan ka dira", sai a ce "dira a hankali kada in ji ƙarar ƙafarka". Maimakon "miƙe cinyarka da ƙarfi", sai a ce "tura ƙasa ta yi nesa da kai". Motsin ɗaya ne, amma jimlar farko tana mayar da hankali kan gwiwa, ta biyu tana sakin jiki ya tsara kansa. Masana a birnin Groningen na ƙasar Holan, irin su Alli Gokeler da Anne Benjaminse, sun daɗe suna kira da a shigar da wannan cikin jinyar gwiwa.

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ɗan langa yana tsalle da ƙafa ɗaya, hannunsa na riƙe da ɗayar, idonsa na kan abokan karawa, hankalinsa na kan ta inda zai kuɓuce, ga ture daga kowane gefe. Ba ina cewa a tura mai sabon ɗinki dandali ba, domin wannan ganganci ne. Abin nufi shi ne, siffar horon da ake bukata a ƙarshen jinya tana nan cikin wasan da yaranmu suka sani, kuma ba ta bukatar wutar lantarki.

Masu Ja da Wannan Ra'ayi

Adalci ne a saurari masu suka, domin suna da hujjoji. Na farko suna cewa gwaje-gwajen hoton ƙwaƙwalwa an yi su ne a kan mutane kaɗan, suna kwance cikin na'ura, kuma kwanciya daban take da gudu a fili. Gaskiya ne, kuma shi ya sa bai kamata kowa ya yi wa mai jinya alkawarin cewa wannan horo zai hana shi sake rauni ba. Amma hujjar ba ta rataya ga hoton ƙwaƙwalwa kaɗai ba. Bidiyon raunuka da gwajin saurin hankali da abin da masu jinya ke faɗa da bakinsu duk sun fuskanci alƙibla ɗaya. Kuma horon da ake magana, in an bi shi daki-daki a ƙarƙashin kulawar masani, kuɗinsa kaɗan ne.

Na biyu suna tsoron kada sabon yayi ya sa a manta da tsoka da kuma lokaci. Wannan tsoro nawa ne ni ma. A 2016 Hege Grindem da abokan aikinta sun bi mutum 106 a Norwe, suka ga cewa kowane wata ɗaya da aka jinkirta komawa wasa, har zuwa wata na 9, yana rage haɗarin sake rauni da kimanin rabi. Cikin waɗanda suka koma ba su ci gwajin ƙarfi da tsalle ba, kimanin kashi 38 cikin 100 sun sake jin rauni, alhali cikin waɗanda suka ci gwajin kimanin kashi 6 ne kawai. Saboda haka cinyar da ba ta kai kashi 90 cikin 100 na ƙarfin 'yar'uwarta ba, babu tabarau ko katin da zai cece ta. Sauri ya haifi nawa. Horon ido da hankali gini ne a kan harsashin tsoka, kuma wanda ya ɗora jinka a kan ruɓaɓɓen bango ya san abin da zai biyo baya.

Na uku suna cewa wannan harka ce ta masu kuɗi, ta manyan ƙungiyoyin Turai masu na'urori. Lalle 'yan kasuwa sun shigo da fitilu da tabarau masu tsada, kuma za su so a ɗauka cewa sai da kayansu. Amma rufe ido kyauta ne, ƙidaya kyauta ce, ƙwallon roba da kati biyu ba su fi ƙarfin kowane ɗakin gashi ba. Abin da ake bukata shi ne mai gashi ya san dalilin abin da yake yi, ya kuma san lokacin ƙara wahala da lokacin sassautawa.

Kammalawa

Wannan rauni ba ya tsoron suna. A watan Satumba na 2024 ya sami Rodri na Manchester City, har ya je karɓar kyautar gwarzon ɗan ƙwallon duniya a watan Oktoba yana dogara sanduna. A 2023 ya hana Leah Williamson, kyaftin ɗin matan Ingila, zuwa gasar cin kofin duniya. Irin waɗannan suna da likitoci da masu gashi a kansu dare da rana. Yaron da danginsa suka sayar da amfanin gona aka yi masa aiki, dama ɗaya gare shi, in ta kuɓuce da wuya a sami ta biyu. Shi ya fi kowa bukatar a yi masa jinya cikakkiya.

Don haka kirana ga masu gashi shi ne, kafin su sallami ɗan wasa, su gwada shi yana tsalle hankalinsa na kan wani abu, su ga ko ƙafar za ta yi abin da ta yi lokacin da yake kallonta. Ga masu horar da 'yan wasa, kada su ɗauki cikar cinya a matsayin shaidar warkewa. Ga mai jinya kuma, ya yi haƙuri da watanninsa, ya kuma faɗi gaskiya idan har yanzu yana jin ƙafar kamar ta aro. Ranar da zai yi gudu ya juya ya dira, idonsa na kan ƙwallo, bai ko tuna da gwiwa ba, ranar ce ji ya dawo gidansa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kiyaye masu lafiya, amin.